Rancen noman rani a wani banki a Haɗeja: bayaninsu ya gamsar, lokacinsu bai dace ba

Ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a yankin Auyo ta karɓi rancen taki da man injin ban ruwa daga reshen wani bankin kasuwanci da ke Haɗeja, kuma abin da ya fi damun kowa shi ne tsadar kuɗin ruwa. A nan dole in yaba wa ma'aikatan reshen, domin sun zaunar da dattawanmu sun yi musu bayani da Hausa, ba tare da ɓoye ko sisi daga abin da za a biya ba.

Bayanin nasu gaskiya ne, tsadar daga Abuja take tasowa. A watan Fabrairun 2024 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Olayemi Cardoso, ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa daga kashi 18.75 cikin ɗari zuwa 22.75, ya ci gaba da ƙarawa har ya kai 27.5 a watan Nuwamba, da nufin daƙile hauhawar farashi. A cikin shekarar kuma ya ɗaga kason ajiyar da bankunan kasuwanci ke barin masa dole daga kashi 32.5 zuwa 45, sannan zuwa 50 a watan Satumba. Wato a lokacin duk naira ɗari da aka ajiye a banki, hamsin ce kawai ta rage a hannunsa, kuma daga ita zai ba da rance, ya biya ma'aikata, ya fitar da riba. Kuɗin rance sun yi ƙaranci, farashinsu ya tashi, manomi kuwa ya fi kowa ji a jikinsa saboda banki na ganin noma da kasada. Ragin da aka yi a Satumbar 2025, na ma'aunin kuɗin ruwa zuwa kashi 27 da na kason ajiya zuwa 45, bai kai a ji sauƙinsa a gona ba.

Wasu daga cikinmu sun janye saboda gudun riba, suka nemi tsarin murabaha, inda banki ke sayen kayan ya sayar wa mutum bashi da ƙarin da aka yi yarjejeniya a kai, a bankin da ba ya ta'ammali da ruwa, kuma ina ganin dacewar hakan.

Inda reshen ya gaza babu ruwan Babban Banki. Kuɗin ba su fito ba sai da lokacin zuba takin farko ya wuce, sannan aka sa mana biya wata-wata tun shinkafa ba ta fitar da kai ba, alhali manomi ba ya ganin kuɗi sai bayan girbi. Duk ƙungiyar da za ta nemi wannan rance, kada ta sa hannu sai an rubuta ranar fitar kuɗi a takarda, an kuma mayar da biya zuwa bayan sussuka.