Biyan kuɗin kwaleji wata-wata: zango uku na yi ina gwada shi

Gadi nake yi a wani ginin ofisoshi a Manhattan, ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe, kwana biyar a mako. Da yamma, Talata da Alhamis, ina karatun akanta a ɗaya daga cikin kwalejojin shekara biyu na birnin New York. Wani ɗan uwanmu a masallacin unguwa, nan Bronx, ya tambaye ni yadda nake biya, na ga gara in rubuta kowa ya gani.

A kwalejojin nan, mazaunin birni da ke karatun rabin lokaci yana biyan dala 210 kan kowane kiredit, wato ma'aunin da ake ƙirga nauyin darasi da shi. Darasi biyu nake ɗauka, kiredit 6, wato dala 1,260 a zango, ban da ƙananan kuɗaɗen ɗalibai da na littattafai. Takardar kammalawa tana buƙatar kiredit 60, sai ka ƙirga shekarun da kanka.

Na fara da cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin Amurka, tunda mai girin kad, wato takardar zaman dindindin, yana da hakki. Tallafin Pell, kuɗin karatu da gwamnati ke bayarwa kyauta, yana kaiwa dala 7,395 a shekara, na shiga da murnata. Ashe harajin shekara biyu baya ake dubawa, shekarar nan kuwa na sha aikin ƙarin lokaci. A takarda ni gwauro ne mai cikakken albashi. Babu gurbin da zan rubuta Hajiyarmu a Damagaram da ƙannena uku da ke makaranta. Abin da na samu bai taka kara ya karya ba. Bashin ɗalibai kuma akwai ruwa a kansa, raina bai kwanta da shi ba.

A nan wata mata a ofishin kuɗi na makaranta ta nuna min tsarin biya wata-wata. Wani kamfani ne ke gudanar da shi a madadin kwalejin. Ka shiga shafinka na ɗalibi, ka haɗa asusun banki, ka biya ɗan kuɗin rajista da kason farko, sauran a raba maka cikin watannin zangon. Ko rabin sa'a ban yi ba na gama, a wayata, ina zaune a teburin gadi. Babu ruwa ko sisi, kuma wannan ne ya saye ni. Kamar adashi yake, sai dai kwasarka ce ta farko: ka shiga aji, zubi ya biyo baya. Suna aiko da saƙon tuni kafin ranar cira. Da na ƙara darasi a zango na biyu, da kansu suka gyara lissafin, ban je ko'ina ba.

Amma uwar adashi tana jin magana, in ka ce mata sai Juma'a za ta ɗaga maka ƙafa. Wannan na'ura ce. Ranar cira tana nan daram a farkon wata, ni kuma albashina duk mako biyu ne, wani wata su yi daidai, wani wata su saɓa. A Afrilun 2024, ana saura kwanaki Ƙaramar Sallah, na tura kuɗin ɗinki gida na manta da su. Suka zo cira asusu bai kai ba. Kamfanin ya ci ni tarar dala 30, banki ma ya ci tasa. Na kira su bayan na tashi daga aiki, idona kamar garwashi, na daɗe ina jin kiɗan jira. Yarinyar da ta ɗauka tana da ladabi ƙwarai, sai dai ba ta da ikon matsar da ranar. Laifina ne, ban musa ba, amma tsarin da aka yi don ma'aikata ya kamata ya bar mutum ya zaɓi ranar da ta dace da albashinsa.

Kuɗin rajistar nan kowane zango sabo ake biya. Biya da kati yana da ƙari a kai, don haka asusun banki kai tsaye ya fi. Wanda ya yi jinkirin shiga kuma watanninsa sun ragu, kowane zubi ya ƙara nauyi. Littattafai ba sa ciki.

Abin da ya fi cin mutane shi ne barin darasi. Wani abokin aikina aka sauya masa lokacin aiki a mako na huɗu, ya daina zuwa aji, ya zaci magana ta ƙare. Ai kuɗin da ake mayarwa raguwa yake yi: kashi 75 a makon farko, 50 a na biyu, 25 a na uku, daga nan babu. Aka ci gaba da cira har zango ya ƙare.

Na sake shiga a wannan zangon. Yanzu na buɗe wani asusu daban, duk albashi ina jefa dala 150 a ciki, katinsa kuwa yana cikin akwati ƙarƙashin gado. Ko Hajiya ba ta san da shi ba.