Yadda Na Haɗa Giyabos ɗin Babur Ɗina a Jamus

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Ka tambaye ni labarin babur ɗin nan da na ce maka giyarsa ta biyu tana fita da kanta. To an gama, yau kwana tara ke nan ina hawa. Sai dai injin sau biyu na buɗe shi, kuma kai ne za ka gane inda na sha wuya, shi ya sa zan ba ka labarin dalla-dalla.

Babur ɗin tsoho ne, na hannu na saya, silinda ɗaya, 125cc, giya biyar. Da ka sa ta biyu ka murza mai sai ka ji ƙwas, ta koma firi, inji ya kama kururuwa. Na nemi wani gareji. A nan ba a tura babur kawai a ce ga shi, sai ka yi waya an ba ka rana. Bakaniken ya hau ya zaga, ya dawo ya ce ya san ciwon, amma shawararsa ita ce in nemi wani injin na hannu in ɗora. Ba wai bai iya ba ne, masu gyaran babur a ƙasar nan shekara uku da rabi suke koyon aikin tsakanin makaranta da gareji. Abin da ke nan shi ne da awa ake lissafin aikin hannu, kuma raba inji gida biyu aikin yini ne ko fiye, sai kuɗin gyara ya haura kuɗin babur ɗin. Na tsaya ina kallonsa ina tuna ka, da yadda kake sauke irin wannan injin da hantsi ka tayar da shi kafin la'asar. A wannan fannin kam kun fi su nesa ba kusa ba.

Sai na ce zan yi da kaina. Akwai wuraren da ake ba da hayar teburin aiki da kayan aiki, kai ne bakaniken kanka. Can na kai shi.

Inda suka fi mu shi ne wajen sayen kaya. Ba a ɗaukar tsohuwar giya a hannu ana yawo ana gwadawa da ido. Kowane babur yana da zanen da aka warwatsa cikin injinsa, kowane ɗan ƙarfe da lambarsa, har washar da ba ta kai farcen yatsa ba. Ka sa lambar jikin babur, zanen ya fito, ka zaɓi abin da kake so, bayan 'yan kwanaki ya iso a leda a rufe da lambarsa a jiki. Ga kuma littafin gyara, wanda ya faɗi kaurin da kowane abu ya kamata ya kasance da iyakar cinyewar da za a yafe masa.

Da na buɗe, haƙoran giyar duk lafiyarsu ƙalau. Ka san a giyabos ɗin babur haƙora kullum a sarƙe suke da juna, ba su ne ke shiga da fita ba. Abin da ke kama giya shi ne 'yan ƙahonnin nan da ke gefenta, waɗanda ke faɗawa ramukan maƙwabciyarta. Nawa bakinsu ya zama kamar an goga da dutse, ya yi santsi, bakin ramukan ma ya cinye. Da nauyi ya hau sai su zame su turo juna waje. Ta biyu ce ta fi yin haka saboda daga ta ɗaya sai an tsallake firi kafin a isa gare ta, kuma wanda ya riƙe babur ɗin kafin ni da alama rabin taku yake yi mata. Cokalin da ke tura giyar, mai yatsa biyun nan, shi ma ya ɗan karkace, yatsunsa sun yi shuɗi saboda zafi. Shi ne yake ta kokawar riƙe giyar da ke son gudu.

Don haka na sayi mai ƙahonnin, da mai ramukan, da cokalin. Na ƙara da giyar da take sarƙe da sabuwar a ɗaya sandar (giyoyin a kan sanduna biyu suke jere), don sabon haƙori a kan tsoho kuka yake jawowa. Na san sau da yawa a gida guda ɗaya ake canzawa saboda aljihun mai babur, shi ya sa bayan 'yan watanni yake dawo maka da ciwon jiya.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta maka wannan. Zobban ƙarfen nan masu baki a buɗe da ke maƙale giya a kan sanda, kilif, ni da kai mun sha cire su mu mayar. Wani dattijo da ke aiki a teburin kusa da nawa ya ga na jera tsofaffin a kan tsumma, sai ya ɗauki ɗaya ya sa a ramin sandar ya juya shi da yatsa. Yana yawo sakwa-sakwa. Da an buɗe shi da filaya sau ɗaya ya riga ya saki jiki, ba ya komawa yadda yake. Littafin ma haka ya ce, sababbi za a sa. Sannan ya sa na shafa gefensa biyu da yatsa: ɗaya bakinsa a dakushe, ɗaya da kaifi, saboda da inji ake fasa su daga faifan ƙarfe. Gefen da ke a dakushe shi ke fuskantar giyar da za ta tura shi, mai kaifin ya koma baya ya ciji bakin ramin. In ka juya shi, turi na zuwa sai ya hau gangara ya fice. Washa ma haka take. Bakin kilif ɗin kuma a daidaita shi da kwarin sandar. Shekara nawa ina taya ka aiki, wallahi ban taɓa duba wannan ba.

Sauran haɗin ka san shi, amma ga yadda na bi. Tun wajen kwancewa na riƙa zura komai a waya ɗaya bi da bi, ina ɗaukar hoto. Kowace giya sai na shafa mata baƙin mai kafin ta hau. Bushin da ke da huda sai na daidaita hudarsa da ta sandar, don ta nan mai ke bi, in ka toshe shi giyar za ta ƙone a kan sanda. Boris biyu na canza, kuma ban taɓa guduma ba: an ɗumama gidan injin, boris ɗin ya kwana a firiza, da na ɗora shi sai ya faɗa mazauninsa da kansa. Sanduna biyun, mai karɓa daga kuloci da mai fita zuwa sarƙa, tare ake zura su a haɗe. Cokulan uku akwai haruffa a jikinsu, L da C da R, wato hagu, tsakiya, dama. Kowanne ya shiga wuyan giyarsa, ɗan kansa ya faɗa layinsa a jikin gangar da ke juya su. Kafin in rufe na riƙa juya sanda da hannu ɗaya, ganga da ɗaya, daga ta ɗaya har ta biyar, in dawo. In sanda a tsaye take giya ba ta shiga, kar mutum ya ɗauka ya yi kuskure.

Na sa gasket, na rufe, na ɗaure notuna a giciye zagaye uku da sifana mai auna ƙarfi. Masu kaurin milimita 6 ɗin nan 10 zuwa 12 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) kawai suke so, abin da hannunmu zai ce bai ɗauru ba. Na ja sandar sarƙa don in ji, sai na ji tana shiga tana fita, ƙwal ƙwal, fiye da kima. Gabana ya faɗi. Na zubar da man wanki daga kwanon da na wanke kaya, sai ga 'yar washa kwance a ƙasa tana ƙyalli. Ita ce ta ƙarshen sandar. Mai ne ya manna ta a jikin boris lokacin da na raba injin, shi ya sa ba ta hau waya ba, ba ta fito a hoto ba. Da na ƙirga kayana da zanen ɗaya bayan ɗaya da na kama ta. Gasket ɗin ya yage wajen sake buɗewa, kuma a nan ba wanda zai yanka maka wani daga kwali, sai da na sake aikawa na jira.

Ragar mai na wanke ta tas, akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki kamar yashi. Mai kuma na sa na babur mai alamar JASO MA, tunda inji da giya da kuloci duk mai ɗaya suke sha, wasu mayukan mota kuwa santsinsu na sa kuloci ya riƙa zamewa. Tsohon man ba a zubarwa a ƙasa, doka ta wajabta wa mai sayar da man inji ya karɓi tsohon, sai na mayar musu a galan.

Na saya maka sifana mai auna ƙarfi da filayar kilif guda biyu, mai buɗewa da mai matsewa, zan ba duk wanda ya fara tahowa. In ka gama aiki da sifanar ka riƙa mayar da ita ƙaramar lamba kafin ka ajiye, in ba haka ba sifirin da ke ciki zai gaji ta fara yi maka ƙarya. Ka gaishe da mutanen gida.