Sharhi: Hayar allo da darasin hawan igiyar ruwa a La Jolla Shores bayan taron BIO

Taron BIO International Convention, babban taron kamfanonin fasahar halittu, ya sauka birnin San Diyego na Amurka a 2022 da 2024, duka a watan Yuni. Daga zauren taron zuwa bakin tekun La Jolla Shores kusan kilomita 22 ne, shi ya sa mahalarta da yawa ke ƙara kwana su gwada hawan igiyar ruwa da abokai. Wannan sharhi kan ɗaya daga cikin shagunan unguwar ne, masu ba da darasi haɗe da hayar kaya. Hukuncina: ya ci kuɗinsa, in dai da sassafe aka je.

Wurin ya dace da ɗan koyo. Ƙasan ruwan yashi ne, zurfinsa a hankali yake ƙaruwa, raƙuman ruwan kuma ba su da zafin na sauran gaɓar. Da safe iska kwance take. Da rana ta ɗaga sai ta taso daga teku ta hargitsa ruwan, tsayawa kan allo ya zama aiki. Wajen ajiye mota na Kellogg Park, wurin shaƙatawar da ke bakin ruwan, shi ma kyauta ne, amma da wuri yake cika.

Allon da suke bayarwa mai saman soso ne, tsawon ƙafa 8 zuwa 9. Kar ka yarda a ba ka gajere don ya fi kyan gani. Dogon ya fi ɗaukar nauyi, ya fi saurin kama igiya, in ya buge ka kuma da sauƙi. Madaurinsa, wanda ke hana allon tserewa in ka faɗi, a ƙafar da ke baya ake ɗaure shi. Duba shi kafin ka bar shago, domin na haya maƙalinsa kan saki saboda yashi.

Inda suka gaza shi ne rigar robar da ake sakawa don tsare jiki daga sanyin ruwa. Ruwan San Diyego a Yuni bai cika wuce digiri 17 zuwa 19 ba, ga hazon da ke rufe rana har hantsi. Cikakkiyar riga ake buƙata, mai kaurin milimita 3 a jiki da 2 a hannu da ƙafa. Su kuwa kallon mutum kawai suke yi su miƙo wadda ta zo hannu. Rigar tana aiki ne in ta kama jiki, ta riƙe ɗan ruwa kaɗan jikinka ya ɗumama shi. In ta yi yawa, ruwan sanyi ya riƙa shiga ta wuya yana fita ta ƙafa ke nan, kafin rabin awa haƙora sun fara kaɗawa. Gwada biyu ko uku. Wanda matsewar ta dama yana iya ɗora gajeren wando a kai.

Koyarwar kan yashi ta yi kyau: kwanciya a tsakiyar allo, tafin hannu a gefen ƙirji, tashi lokaci guda, ido a gaba. In hancin allo yana nutsewa, ka matsa gaba da yawa ne.

Maganar kunamar ruwa ce, wani faffaɗan kifi mai ƙaya mai dafi a wutsiya, suka yi a gurguje, alhali ita ce haɗarin gaske a nan. Tana kwanciya cikin yashi a ruwa marar zurfi, in aka taka ta sai ta soka ƙayar wutsiyarta. Ja ƙafa ake yi a ƙasa, ba a ɗaga ta. Wanda ta sara ya nufi masu ceto, za su sa ƙafar cikin ruwan zafi, shi ke karya zafin dafin. A kuma lura da tuta mai ɗigon murabba'i baƙi da rawaya, ita ce iyaka tsakanin masu iyo da masu allo.