Kafin ka sayi sabon kilim, zaɓi yadda za ka auna ragin wutar

Mai sayar da kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, zai ce maka samfurin inbata yana rage shan wuta da kaza cikin ɗari. Galibi ba ƙarya yake yi ba: injin da ke sassauta gudu idan ɗaki ya yi sanyi ya fi mai tashi da tsayawa tattalin wuta. Abin da ba ya faɗa shi ne yadda za ka tabbatar. Mai otal, mai kantin magani ko mai ofis da ke shirin canja kilim biyar ko goma a Maradi ya kamata ya zaɓi hanyar awo tun kuɗinsa na aljihu, domin yanayin garin nan yana iya ba ka duk amsar da kake so.

Mafi arha ita ce ka ɗora takardar kuɗin wuta ta NIGELEC ta wancan wata a kan ta wannan. Kyauta ce, kuma ita ta fi yaudara. Ka sa kaya a ƙarshen Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, ka duba takardar Agusta, za ka ga ragi har ka yi wa mai kaya addu'a, alhali damina ce ta yi aikin. Wanda ya sa nasa a Fabrairu kuwa zai ga ta Afrilu ta hau, ya yi ta mita an cuce shi, kayan kuma lafiya lau.

Gwada wata da takwaransa na bara ya ɗan fi, amma Afrilun bana ba lallai ya yi zafin na bara ba. Azumi ma yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, kuma yana canja lokacin buɗe shago da yawan baƙin otal. Ga kuma ɗauke wuta. Maradi na samun wuta ta layin da ya taso daga Katsina, kuma Najeriya ta yanke wa Nijar wuta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Duk wanda ya ɗauki waɗannan watanni a matsayin ma'auni ya gina lissafinsa a kan yashi, tunda ginin da ba a ba shi wuta ba mitarsa ba ta juya. Idan janareto ne ya cike giɓin, a haɗa da gazuwal ɗin da ya sha. A kuma gwada kilowat, ban da kuɗi, saboda farashi na iya canjawa.

Hanyar da masu sana'ar ke bi ita ce lissafa nauyin zafin kowace rana. Ana tsayar da wani digiri wanda daga shi ginin ke fara neman sanyi. A Amurka an saba da wajen 18, amma a nan ba wanda ke kunna kilim idan zafin gari 18 ne, don haka 24 ko makamancinsa ya fi dacewa. A ce matsakaicin zafin wata rana 34 ne, ta ci maki 10 ke nan. Ranar da ta tsaya a 27 ta ci 3. Ranar hunturu mai 22 ba ta ci komai ba. Sai a tara makin kowane wata, a jera shi da kilowat na watanni 12 kafin canjin. Daga nan za a ga abin da ginin ke sha ko babu zafi, irin su fitilu da kwamfuta, da abin da kowane maki ke ƙarawa. Bayan an sa sabon kaya, a ɗauki makin watan a lissafa abin da tsohon zai sha da yana nan, a cire abin da mita ta nuna. Wannan bambancin shi ne ragin. Bayanan zafi ana iya neman su wajen hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, akwai kuma shafukan intanet da ke bayar da su. Ƙa'idar awo ta duniya da ake kira IPMVP tana ba da shawarar dogaro da mitar gini gaba ɗaya ne idan ragin da ake sa rai ya wuce kashi 10 cikin ɗari, don ƙasa da haka yana ɓacewa cikin hawa da saukar yau da kullum. Raunin hanyar maki a wurinmu laima ce: a Agusta zafi ya sauka amma kilim na faman cire danshi, makin kuma bai san da wannan ba.

Ga mai kilim biyu ko uku, a ganina ƙaramar mita ta fi. Mai gyaran wuta ya ɗaura ta a layin kilim kaɗai, ka riƙa rubuta lambarta kowace safiya tare da zafin ranar, mako uku ko huɗu da tsohon, sannan da sabon, cikin yanayi guda. A wanke matatar tsohon kafin a fara, don ƙurar hunturu na toshe ta, kilim mai toshewa kuma dole sabo ya kayar da shi.

Babban gini ya haɗa biyun, lissafin maki da ƙaramar mita. Idan mai kaya ya yi alƙawarin kaso, a rubuta a takardar ciniki wace hanya za a bi, wane digiri aka tsayar, waɗanne watanni ne ma'auni, da digirin da za a bar rimot a kai.