Guntun gadolinium da magnet na gwaji: yana aiki, amma sai da haƙuri

Wannan kit ɗin dai ba laifi. Guntun wani ƙarfe ne mai suna gadolinium da magnet mai ƙarfi na neodymium da ɗan ma'aunin zafi. In ka kusantar da ƙarfen ga magnet sai ya ɗan ɗumama, ka janye shi ya huce, to amma fa canjin kaɗan ne, da ƙyar yake kai digiri ɗaya, kuma ma'aunin da suka haɗo da shi nawa gare shi wallahi, kafin lambar ta motsa zafin ya riga ya gudu. Abin da ya fi burge ni shi ne in ka sanyaya ƙarfen ƙasa da digiri 20 na Celsius sai ya manne wa magnet ɗin gam, da ya ɗumama a hannu kuma sai riƙon ya saki. Kar dai a bar shi cikin danshi, dusashewa yake.