Allurar kashe zafi da anka yi min wajen cire haƙori a Gusau

Wata takwas ina fama da turmin haƙorina na ƙasa ta gefen hagu, ba abin da ban sa mai ba, kanumfari, ruwan gishiri, har asfirin wani yac ce in danne a wurin, wadda ta ƙona min dasashi ya yi fari fat. Kanumfarin dai yana ɗan lafar da shi na rabin awa don man da ke cikinsa yana da ɗan kashe zafi, daga nan sai ya dawo sabo, in kwana zaune riƙe da kumatu, da safe in je shago in kasa ko zura zare a keke. Tsoron allurar nan ta baki ne ya hana ni zuwa asibiti, don na sha jin ana cewa ta fi cirewar ciwo.

Ranar da na je kumatuna ya kumbura sosai, likitan ya duba yac ce "Malam yau ba za mu cire ba, wurin ya yi mugunya, allurar ba za ta kama yadda ake so ba." Raina ya ɓaci wallahi, amma ya yi min bayani cewa inda ya ruɓe tsami ke taruwa a naman wurin, maganin kuma ba ya ratsa jijiya da kyau a cikin tsami. Ya rubuta min maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana 5, na koma kumburin ya saɓe.

Sunan maganin allurar kashe zafin lidoken, wasu sun fi saninsa da Xylocaine, ni da na tambaya ya nuna min 'yar kwalbar siririya kamar rabin biro, an rubuta kashi 2 cikin 100 a jiki. Ashe tsohon magani ne, tun 1943 anka haɗa shi a Suwidin. Aikinsa shi ne ya toshe ƙofofin da sinadarin sodiyam ke bi ya shiga jijiya, to in sodiyam bai shiga ba saƙon zafi ba ya tashi balle ya kai ƙwaƙwalwa. Kuma ana gauraya shi da ɗan adirenalin don ya matse hanyoyin jini, maganin ya daɗe a wurin, jini ma ya ragu. Shi ya sa kafin ya tsira min sai da ya tambaye ni ko ina da hawan jini ko ciwon zuciya, ko wata allura ta taɓa ba ni matsala.

Ita kanta allurar tsini kawai na ji can ƙuryar baki, sai ɗan tsami lokacin da yake tura ruwan a hankali. Gabana ya ɗan buga da sauri na minti ɗaya ko biyu, yac ce adirenalin ɗin ne ko fargaba, kuma ya wuce. Kafin minti 5 leɓena na ƙasa da rabin harshena sun yi nauyi kamar ba nawa ba. Abin da nake son mutane su gane shi ne za ka ji ana turawa ana girgiza haƙorin, har ƙarar ɓallewarsa na ji a kunne, amma zafi ko kaɗan babu, kuma idona biyu muna magana da hannu.

Inda nake da ƙorafi, ba wanda ya ja min kunne cewa kar in ci komai sai bakin ya farfaɗo. Wajen awa 4 ya ɗauka, ni kuma yunwa, na sa tuwo a baki na tauna cikin leɓena ban sani ba, sai jini na gani a hannu. Gyambon nan ya fi ramin haƙorin damuna kwana uku. Masu kai yara ku lura da wanga abu don Allah.

Bayan maganin ya sake ni ciwo ya taso, nan ne na sha abin da ya rubuta, farasitamol giram 1 da ibufurofen miligiram 400 bayan cin abinci, kuma sai da ya tabbatar ba ni da olsa kafin ya ba ni na biyun, ya kuma gargaɗe ni kar farasitamol ya wuce giram 4 a yini saboda hanta. A wani kemis yaron shagon yac ce "Yallaɓai ka haɗa da tiramadol mana ka yi barci," na ce a'a, mu nan mun ga yadda ya lalata mana samari, kuma biyun nan sun ishe ni, kwana na uku ma ban nemi ko ɗaya ba. Ruwan gishiri mai ɗumi na fara kurkurawa washegari kamar yadda anka ce, yanzu sati biyu ke nan ramin ya fara cikowa, jiya har rake na sha ta ɗaya gefen.