Ƙwallon saƙa na kyanwa da kacau-kacau na jariri: wanne za a saya, wanne za a bari

A shafukan masu sayar da kaya ta intanet akwai wasu 'yan ƙwallaye da ake saƙawa da tsiro mai yaɗo, kamar ƙaramin kwando da aka rufe bakinsa, wani da ƙararrawa a ciki, wani da gashin tsuntsu a jela. Tallar kusan iri ɗaya ce ko'ina: saƙar hannu, babu roba, ya dace da kyanwa da jariri. Wannan maganar ta ƙarshe ce ta ja ni na sayi guda shida a leda ɗaya, ina ganin na huta, muzurun gidanmu ya samu, 'yata mai wata takwas ita ma ta samu.

Kwana huɗu aka yi. Muzuru ya rungume ɗaya da ƙafafun gaba, ya yi ta harbinsa da na baya har saƙar ta buɗe, ƙararrawar da ba ta fi ƙwayar gurjiya ba ta gangara ƙarƙashin kujera. Tsintsiyar matata ce ta fito da ita, taku biyu daga inda yarinyar ke rarrafe. Ta ɗora min ita a tafin hannu ta ce, "Maigida, ga tsarabarka." Ban ce komai ba.

Kyanwa da jariri ba abu ɗaya suke nema a abin wasa ba. Kyanwa farauta take yi, abin da zai gudu ta bi, ta kama, ta yaga, shi ne ya yi mata. Jariri kuwa, daga wajen wata huɗu zuwa sama, duk abin da hannunsa ya kama baki zai kai shi, ya jiƙa shi da miyau, ya tauna da dasashi. Abin da ya yi wa kyanwa daɗi saboda yana wargajewa, wannan wargajewar ce haɗarinsa ga jariri. Don haka kafin a yi maganar wane iri ya fi, sai an fara raba jakar biyu: wannan na mage, wancan na yaro, kuma ba sa musaya. Mage dai ba najasa ba ce a wurinmu, amma tana iya ɗauke da makero da ƙwayayen tsutsar ciki, kuma ƙwallon da ya kwana yana birgima kusa da inda take bayan gida bai kamata ya wayi gari a bakin yaro ba.

Kwagiri

Yawancin ƙwallayen da ake shigowa da su na kwagiri ne, wanda a tallace-tallace za ka gan shi da sunan ratan. Dangin kwakwa ne, amma ba ya tsayawa da ƙafarsa, yaɗo yake yi yana hawa bishiyoyi da ƙayarsa a dazuzzuka masu ruwa. Indonesiya ce ta fi kowace ƙasa samar da shi, kuma da shi ake saƙa ƙwallon takraw, wasan buga ƙwallo da ƙafa na Malesiya da Tailan, tun asali. A Najeriya ma yana fitowa a dazukan kudu kamar na Kuros Riba, kuma wanda ya san Legas ya san masu saƙa kujerun kwagiri na Mende da ke Maryland.

Ga kyanwa, kwagiri yana da kyau. Ba shi da nauyi, yana tsalle a kan siminti, ramukan saƙar suna ba farce wurin kamawa. Matsalarsa biyu ce. Ta farko, idan ya bushe sosai, musamman da hunturu, tsagewa yake yi ya bar tsini kamar tsinken sakace. Ta biyu ita ce abin da aka yi masa kafin ya iso hannunka. A masana'antun kwagiri ana yi masa hayaƙin farar wuta don ya yi haske kuma ƙwari su bar shi, manyan sandunan ma akan dafa su cikin mai da aka gauraya da gas. Wannan ba laifi ba ne ga kujera. Ga abin da za a tsotsa kuwa, wata magana ce daban. Shi ya sa nake kai kowane ƙwallo hanci kafin komai: in na ji warin fenti, ko kalanzir, ko wani ɗaci kamar na ashana, na ajiye. In kuma yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, an yi masa fentin sheƙi ne, wannan na adon falo ne, a zuba a tasa a ajiye kan tebur. Da yawa daga cikin waɗanda ake tallatawa a matsayin abin wasa tun farko don adon aka yi su.

Ga jariri ba na ba da shawarar ƙwallon kwagiri ko kaɗan, sai dai babba a rataye shi sama inda hannu ba ya kaiwa, yana juyawa yaro yana kallo.

Kaba, da abin da muke da shi a gida

Abin da ya ba ni haushi da kaina shi ne, abin da na biya kuɗin aike na jira mako biyu, akwai wanda ya fi shi a Kasuwar Kurmi. Kaba, ganyen goriba da ake saƙa tabarma da faifai da mafici, ba ta tsagewa ta yi tsini irin na kwagiri. In ta tsufa zare-zare take yi, ta yi laushi. Na nuna wa wani dattijo mai saƙa hoton ƙwallon a waya, ya duba ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wannan ai aikin yara ne. Mai girman me kake so?" Na ce, "Baba, kamar lemun tsami babba, kada a sa komai a ciki, kada a rina." Kafin na gama zagaya layin masu fata ya saƙa uku.

Amfanin sayen hannu da hannu ke nan: kai ke faɗin girman, kai ke hana rini, kuma kana ganin inda ya tura bakin kabar ya ɓoye. Kasawar kaba ita ce ba ta tsalle kamar kwagiri, kuma mage mai son tauna za ta iya zare dogon sili ta haɗiye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Harshen kyanwa yana da ƙananan ƙayoyi da suka kalli maƙogwaro, in ta fara jan zare ba ta iya tofar da shi. Zaren yakan maƙale a ƙarƙashin harshe, sauran ya wuce ciki ya tattare hanji kamar bakin wando da mazagi, kuma sau da yawa sai likitan dabbobi ya yi tiyata. In ka ga zare yana leƙowa daga bakinta ko ta baya, kada ka ja, kai ta asibiti. Wannan ya shafi duk ƙwallon da aka naɗe da igiyar rama ko aka ɗaura masa jelar zare. Da zarar ya fara warwarewa, shara.

Ciyawar Bolga

Masu zuwa Ghana sun san kwandunan Bolgatanga, waɗanda ake saƙawa da wata doguwar ciyawa da ake tsagawa a murza ta a cinya. Da ita suke saƙa kacau-kacau mai mariƙi, saƙa mai matsewa ƙwarai. A cikin duk abin saƙa da na taɓa riƙewa, wannan ne ya fi kusa da dacewa da hannun yaro: babba ne, ba ya shiga baki gaba ɗaya, ba shi da tsini. Amma tambayoyi biyu suna nan. Me aka zuba a ciki yake ƙara? Da me aka rina shi?

Abin da ke ciki

Nan ne nake so mai saye ya fi tsayawa. Kacau-kacau na saƙa ana zuba masa tsakuwa, ko ƙwayar hatsi, ko 'ya'yan wani tsiro. A cikin 'ya'yan da ake sawa a kayan kaɗawa da sarƙoƙin ado a ƙasashe da dama akwai idon zakara, 'yar jar ƙwayar nan mai baƙin ɗigo da yara ke wasa da ita a ƙauye. Tana ɗauke da guba mai suna abrin, ɗaya daga cikin mafi muni a duniyar tsirrai, kuma ƙwaya guda da aka tauna ta fashe tana iya kisa. 'Ya'yan zurma ma guba ne. Idan mai sayarwa bai san abin da ke ciki ba, kuma ba ka iya leƙawa ka gani, to bar masa kayansa, ko da na mage za ka saya.

Ko tsakuwa ce zalla, saƙa saƙa ce, wata rana za ta buɗe. Hukumomin kula da lafiyar kayan wasa a Amurka da Turai suna da wani ɗan bututun gwaji mai faɗin santimita 3.17, duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya an hana sayar da shi don yaron da bai kai shekara 3 ba, domin zai iya toshe masa maƙogwaro. Ga ƙwallo kuwa ƙa'idar ta fi tsauri, dole faɗinsa ya wuce wajen santimita 4.4. Ka auna ƙwallayen mage da ake sayarwa, za ka ga da yawansu a wannan iyakar suke ko ƙasa da ita. A gida, kwalin da ke tsakiyar naɗin tishu ya isa ma'auni: abin da ya wuce ta cikinsa ba na jariri ba ne. Igiya kuma, ƙa'idar Turai ba ta yarda ta wuce santimita 22 a kayan ƙananan yara ba, saboda wuya.

Rini

Launi mai ɗaukar ido, shuɗi da ja da kore masu haske, galibi galura ce. Gwajinta ba wuya: jiƙa farin ƙyalle ka goga da ƙarfi. In launi ya fito a ƙyallen, zai fito a bakin yaro. Ni wanda ba a rina ba nake zaɓa, ko da bai yi kyau a hoto ba.

Matatabi

Akwai wani yaɗo da ake sayarwa musamman don kyanwa, kuma shi ne ya fi cancanta a biya kuɗin aikensa, tunda ba ya fitowa a nan. Sunansa matatabi da Japananci, dangin 'ya'yan kiwi ne, yana fitowa a tsaunukan Japan da Sin da gabashin Rasha. Ana sayar da shi sanduna-sanduna, ko a saƙa siraran rassansa a yi ƙwallo. Kyanwa na shinshina shi sai ta hau goga kumatu, tana birgima, tana zubar da miyau, na 'yan mintoci, sannan ta tashi ta yi tafiyarta kamar ba ita ba. Wani bincike da aka buga a 2017 a kan kyanwoyi 100 ya gano kusan kashi 80 cikin ɗari suna amsa shi, alhali ɗaya cikin uku ba ta kula katnif, ganyen nan dangin na'a-na'a da aka fi sani. Sai dai da garin 'ya'yan da ƙwaro ya huda suka kumbura aka yi gwajin, ba da sanda ba, don haka kada ka yi mamaki in taka ta shinshina sandar ta wuce. A 2021 kuma masu bincike a Jami'ar Iwate ta Japan suka nuna cewa sinadarin da ke cikin matatabi, nepetalactol, yana korar sauro daga jikin magen da ta goga shi. Ƙananan 'ya'yan mage ba su cika amsa shi ba sai sun yi 'yan watanni, kada ka ɓata kuɗinka a kansu.

Sayi sanda mai kauri kamar yatsa, ba siririya ba, ka tsaya kana kallo in tana tauna, ka ɗauke in ta fara tsagewa. Kuma wannan ba ya zuwa kusa da jariri. Sandar ta yi kama da abin da mai haƙori zai so ya ciza, shi ya sa wurinta saman kwaba ne.

Soso na gargajiya, wanda ke yaɗo a jikin danga, shi ma in an cire 'ya'yan an yanka shi gunduwa-gunduwa mage na son sa. Kusan kyauta ne, amma a bar shi ga wadda ke yakushi, ba mai haɗiya ba.

Damina da wanki

Abin saƙa ba ya son ruwa, miyau kuwa ruwa ne. Ba ka iya tafasa shi kamar bulumboti, in ka wanke bai bushe ba fumfuna ta kama tsakanin saƙar inda ido ba ya gani. Da damina, ƙwallon da ya kwana uku a lungu sai ka ji yana warin gumi. Ka kuma buga shi a kan baƙin ƙyalle: in farin gari ya zubo, ƙwaro na cin sa daga ciki. Goge shi da ɗanyen tsumma, ka shanya a rana ya bushe ƙayau, kuma ka sa a ranka cewa abu ne na 'yan makonni, ba na gado ba. Saboda haka leda mai guda ashirin da araha ba riba ba ce in rabinsu za su lalace kafin a kai gare su. Araha ba ta ado.

Abin da ke gidana yanzu ke nan. Muzuru yana da ƙwallayen kaba biyu marasa komai a ciki da sandar matatabi guda da nake fito masa da ita ranar Juma'a. Yarinyar tana da kacau-kacau na Bolga da wani ɗan'uwa ya kawo daga Kumasi, wanda na leƙa na ga tsakuwa ce a ciki. Ana ba ta shi ne in akwai babba a zaune, kuma kowace safiya uwarta na matsa shi ta ja mariƙin ta gani ko ya saki. Abin taunarta kuwa ba saƙa ba ne sam, ƙaramar muciya ce ta katako mai santsi da kakarta ta ba ta, kuma duk cikin kayan ita ta fi so. Sauran ƙwallaye biyar na ledar nan na zare musu ƙararrawa da filaya, suna cikin tasa a kan talabijin, inda muzuru ke zama a ƙasa yana harararsu.